Ƙas, Sai Shiru

Da asubahin wata Talata cikin hunturun bara, na iske Baba a soron gidanmu zaune a kan babur ɗinsa, babban yatsansa na dama a kan maɓallin sitata. Ya danna, muka ji ƙas. Ya sake dannawa, ƙas. A karo na uku injin ya yi wani ɗan gurnani irin na wanda aka tasa daga barci bai shirya ba, sannan ya yi shiru. Baba ya dubi kikin da ke gefen ƙafarsa ta dama, ya dubi gwiwarsa, bai ce uffan ba.

Na ce, "Baba, sauko in buga maka."

Ya sauko a hankali. Bugu ɗaya na yi babur ya tashi. Ya hau, ya gyara zaman hularsa, ya fice ba tare da ya kalle ni ba. Na san ba fushi yake da ni ba. Mutumin da ya shekara 35 yana koyarwa, har ya yi ritaya yana shugaban makarantar firamare, ba ya son ranar da za ta zo a ce sai ɗansa ya tayar masa da abin hawa kafin ya tafi sallah.

Babur ɗin irin wanda muke kira roba-roba ne. Ya saye shi a 2010 da wani ɓangare na kuɗin sallamarsa daga aiki. Da shi yake zuwa masallacin tsohuwar unguwarmu a cikin birnin Kano, inda yake ɗaukar karatu bayan sallar asuba tun kafin a haife ni. Da shi yake zuwa ɗaurin aure da jana'iza, da asibiti ranar ganin likita. Yanzu ya haura shekara 70, kuma amosanin gaɓɓai ya kama masa gwiwar dama, wadda da ita ake buga kiki. Ga matashi, lalacewar sitata ƙaramin abu ne, sai ya taka kiki ya wuce. Ga Baba kuwa, babur marar sitata ƙarfe ne kawai a jingine. In ma an tayar masa a gida, wa zai tayar masa in zai dawo? Sau biyu ke nan, kamar yadda na ji daga baya, yana tsayawa a bakin titi yana roƙon yaran da ke wucewa.

Babban yayanmu ya daɗe yana cewa a sayar da babur ɗin. Hujjarsa ba ta banza ba ce: titunan Kano ba na tsoho ba ne, kuma ya yi alkawarin biyan kuɗin Adaidaita Sahu duk wata. Matsalar sitatar ta zo masa a daidai. Ya ce, "Tun da abin ya gaji da kansa, a bar shi ya huta." Ni na tsaya a tsakiya, kuma zan faɗi gaskiya a ƙarshen wannan rubutu game da inda zuciyata ta fi karkata.

Wata uku ana dukan taiki

Kafin wannan asubar, an shafe wata uku ana kai babur ɗin gyara. Da farko aka ce batir ne, aka sayi sabo. Ya yi aiki kwana goma, ciwon ya dawo. Aka ce rile ne, aka canza. Ya yi mako guda. Aka ce maɓallin ne ya ci, aka canza shi ma. Aka koma aka ce sabon batir ɗin jabu ne, aka sake sayen wani. Ya yi mako biyu. Hukuncin ƙarshe da aka yanke shi ne sitatar kanta ta mutu, sai an sa sabuwa, kuma ita ce mafi tsada a cikin duka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kowane gyara ya yi aiki, na ɗan lokaci. Da a ce an canza batir ba a ga sauƙi ko kaɗan ba, da an san an yi kuskure. Amma a samu sauƙi sau huɗu, ciwo ya dawo sau huɗu, wannan yana nuna akwai wani abu da ake taɓawa kowane lokaci ba tare da an san ana taɓa shi ba. A aikinmu na jarida, idan majiyoyi huɗu suka ba ka labari iri ɗaya kuma duk ya ƙi tabbata, abin da za ka fara tambaya shi ne ko daga baki ɗaya suka jiyo shi. Na roƙi Baba ya ba ni aron babur ɗin na kwana biyu. Kafin in kai shi ko'ina, na zauna na karanta yadda abin yake aiki.

Me sitata ke yi?

Injin fetur ba ya iya tayar da kansa. Kafin wuta ta kama a cikinsa, sai fistin ya zuƙo iska da mai, ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsi. Wannan juyi na farko dole ya zo daga waje. A motocin farko, da hannu ake yin sa: a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban mota a murɗa, kuma in injin ya yi tutsu ya mayar da ƙarfen baya, yakan karya hannun mai murɗawa. Charles Kettering, wani injiniya a Amurka, shi ne ya haɗa sitatar lantarkin da aka sa a motocin Cadillac na 1912. A ɓangaren babura kuwa, kakan duk roba-robar da ke yawo a titunanmu shi ne Honda Super Cub na Japan, wanda ya fito a 1958, aka kuma fitar da samfurinsa mai sitata a 1960. Zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 na wannan zuriya, ban da waɗanda wasu kamfanoni suka kwaikwaya.

Sitata ƙaramin injin lantarki ne da ke juya babban injin har ya kama. Don ya yi wannan aiki, wuta tana bin hanyoyi biyu. Akwai ƙaramar hanya ta sirarun wayoyi: daga batir zuwa fis, zuwa makulli, zuwa maɓallin da ake dannawa, zuwa rile. A wasu babura wannan hanyar ba ta buɗewa sai giya na firi, ko an riƙe birki ko kuloci. Sai babbar hanya ta kakkauran wayoyi: daga jan kan batir zuwa rile, daga rile zuwa sitata. Rile ɗan ƙofa ne. Idan ƙaramar hanya ta kawo masa wuta, sai maganaɗisun da ke cikinsa ya ja wani ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Ƙarar wannan haɗuwa ita ce ƙas ɗin da muke ji. Dalilin raba hanyar biyu shi ne sitata tana shan gomman amfiya a lokaci guda, kuma da za a bi da su ta maɓallin da ke ƙarƙashin yatsanka, da ya ƙone.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu kawowa a rai. Mun saba kwatanta wuta da ruwan famfo, amma ruwa in ya zubo ya gama tafiya, wuta kuwa ba ta aiki sai ta koma inda ta fito. Bayan ta ratsa sitata, tana shiga gangar jikin injin, daga nan wata kakkaurar baƙar waya ta mayar da ita baƙin kan batir. Zuwa da komawa tsawonsu ɗaya a wajen muhimmanci. Duk inda aka samu cikas a wannan zagaye, sakamakon ɗaya ne.

Shi kuwa batir irin na darma da asid ne, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Ɗakuna shida gare shi, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, jimla 12.6 in ya cika. Wannan lambar za ta yi mana amfani nan gaba.

A rumfar mai gyaran wuta

Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani dattijo mai gyaran wutar ababen hawa. Asalinsa na babura ne, amma tun da aka hana acaba a birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aikinsa ya fi komawa kan Adaidaita Sahu. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin wata rumfar kwano, yara biyu na taya shi. Na gaishe shi, na ce, "Malam, an ce sitatar ce ta mutu, na zo a sa sabuwa."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na faɗa masa. Bai tanka ba, bai kuma taɓa babur ɗin ba. Sai ya shiga yi mini tambayoyi. Da safe ya fi ƙi ko da rana? Na ce da safe. In ya ƙi, shiru yake yi gaba ɗaya ko yana ƙara? Na ce yana yin ƙas, wani lokaci da ɗan gurnani. Da kiki yana tashi nan take? Na ce bugu ɗaya. Me da me aka canza, kuma wanne aka fara? Na lissafa. Ya ce, "To, ka ga ka rage mini rabin aiki."

Ya yi mini bayanin abin da kowace amsa ta kore. Tun da kiki na tayar da shi bugu ɗaya, mai da fulogi da kabureta ba su da laifi, injin kuma bai cije ba. Tun da ana jin ƙas, ƙaramar hanya tana kai saƙo: fis da makulli da maɓalli sun fita daga zargi, ke nan maɓallin da aka canza lafiyarsa ƙalau. Da a ce sitata tana juyawa da gudu tana shuuu amma injin bai motsa ba, da sai a nemi laifin a 'yar sarƙar da ke haɗa ta da injin, ko a ƙarfen da ke kama injin ta gefe guda ya sake shi in ya tashi. Ba haka take yi ba. Saura abu huɗu: batir, cikin rile, sitata, da wayoyin babbar hanya.

Ya sa aka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, giya a firi. Ya murɗa makulli ya danna hon, ya yi ƙara sosai. Ya ce kada in dogara da fitilar gaba, domin a irin wannan babur ɗin daga injin take shan wuta, ba ta ba da labarin batir. Sannan ya ɗauko wata tsohuwar mita mai tsinke biyu, ja da baƙi, irin wadda ake samu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari.

Ya ɗora tsinken a kan batir: 12.6. Ya ce, "Wannan gaisuwa ce kawai. Kowa lafiya yake cewa in an gaishe shi. Sai an ɗora masa kaya ake sanin mai lafiya." Ya ce in danna maɓalli. Ƙas, ɗan gurnani, mita ta sauka zuwa 11.7 ta tsaya. Ya ce da batir ne ya gaji, da mun ga ta faɗo ƙasa da 10, wani lokaci har 6 ko 7. Wannan batir ɗin yana da abin bayarwa, ba a karɓa ne.

Ya bar baƙin tsinke a kan batir, ya kai ja kan notin da wuta ke shiga sitata. Na danna: 11.5. Ke nan rile yana haɗawa da kyau, jar waya ma tana kai kaya. Ya ɗago ya kalle ni. "Nan ne inda aka yanke mata hukunci. Wuta ta iso ƙofarta, ta ƙi juyawa, sai a ce ta mutu. Kuma sau da yawa gaskiya ne: akwai wasu 'yan gawayi guda biyu a cikinta da ke gogar abin da ke juyawa, in sun cinye haka take yi, har in ka ɗan ƙwanƙwasa ta da sifana sai ta tashi. Amma ba a gama tambaya ba."

Sai ya ɗauke baƙin tsinken daga kan batir ya ɗora shi a jikin sitatar kanta, ja yana nan inda yake. Na danna: 6.3.

Ban gane ba, ya kuma ga ban gane ba. Ya ce awon farko ya nuna abin da ke tsakanin ƙofar sitata da batir, wato har da hanyar komawa. Na biyu ya nuna abin da sitatar ke samu ita kaɗai. Da gawayinta ne suka cinye, da awon biyu sun zo kusan ɗaya. Tun da sun bambanta, akwai bolt 5 da ɗoriya da ke salwanta bayan wuta ta fita daga sitata. Don ya tabbatar, ya sa jan tsinke a jikin injin, baƙi a kan darmar batir ɗin kanta, ba a kan ƙarfen wayar da aka ɗaure mata ba. Na danna: 5.2. A lafiyayyen babur, in ji shi, wannan awon bai kamata ya kai rabin bolt ba.

Ya ce, "Kawo hannunka." Ya ɗora yatsana a kan baƙar wayar, dab da inda ta kama kan batir. Da ɗumi, alhali injin bai tashi ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko wata kakkaurar waya, ya maƙala gefe ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya gefen a wani noti na jikin injin. Ya ce in danna. Ban gama dannawa ba babur ya tashi. Gani ya kori ji.

Da ya kwance tsohuwar wayar ya tsaga robar da ta rufe wuyanta, sai ga wani gari kore-kore da fari yana zuba. Daga waje wayar sumul take. A ciki kuwa silin tagullar sun ruɓe, saura 'yan ƙalilan ke riƙe. Ya nuna mini tabon da ke ƙasan akwatin batir. Wani tsohon batir, irin wanda ake ƙara wa ruwa, ya daɗe yana tsiyayar da asid a wurin, ruwan damina da na wanki suka ƙarasa aikin. Wata uku an bar jaki ana dukan taiki.

Lissafin da ke bayan abin

Me ya sa hon ke ƙara, sigina ke ƙyaftawa, amma sitata ta kasa, alhali duk ta wannan ruɓaɓɓiyar wayar suke komawa? Amsar tana cikin ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda yawancinmu muka haddace a sakandare muka manta bayan jarrabawa: ƙarfin da ke salwanta a wuri daidai yake da yawan wutar da ke wucewa sau turjiyar wurin. Mu ɗauka ruɓewar ta haifar da turjiyar om 0.2, abin da ƙaramar mita ma da ƙyar za ta nuna shi daidai. Hon da ke shan kamar amfiya 2 zai yi asarar bolt 0.4, ba zai ko ji ba. Sitata mai neman amfiya 30 za ta yi asarar bolt 6, rabin abin da batir ya ba ta, kusa da abin da muka gani. Ƙarfin da ya salwanta kuma zafi yake zama, shi ne ɗumin da na ji a yatsana. Kamar bututun da ya toshe saura 'yar ƙofa: zai cika maka buta, amma ba zai iya da mai wanki ba. Shi ya sa ba a gane irin wannan ciwon sai an auna lokacin da ake danna maɓalli.

Me ya sa ya fi tsanani da asuba? Sanyi yana sa baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa, kuma yana rage kuzarin batir. Da rana ɗan abin da ke isa sitata yakan wadatar da ƙyar. Da asubar hunturu ba ya isa.

Me ya sa kowane gyara ya yi aiki na ɗan lokaci? Domin batir da rile a wuri ɗaya suke zaune, kuma duk wanda zai yi aikin wuta yakan fara kwance baƙar wayar. Ana kwance ta, a lanƙwasa, a mayar a ɗaure, sai ruɓaɓɓun silin su ɗan gogi juna su haɗu. Sabon batir kuma yana zuwa da cikakken caji. Kwana kaɗan, girgizar hanya da tsatsa su mayar da abin yadda yake. Da an sa sabuwar sitatar ma, da ta yi mako biyu, mu ce an gano bakin zaren.

Na soma yi wa dattijon ƙorafin waɗanda suka gabace shi. Ya katse ni. Ya ce, "Ɗana, ba mugunta ba ce. In na shekara ina awo na ce maka waya ce, nawa za ka ba ni? In na ce batir ne, ka ga kaya a kwali, ba ka ko tayawa. Ku ba kwa biyan kuɗin bincike, kuɗin kaya kuke biya. To yaro ya tashi ya koyi canza kaya." Ban sami amsa ba, domin ni ma da na iso rumfarsa sabuwar sitata na nema. Ya yanko sabuwar waya mai kauri, ya matse mata kai biyu, ya kankare mazauninta a jikin injin har ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa ɗan giris. Ya tayar da babur ya ƙara masa wuta kaɗan, mita ta nuna 14.1, alamar caji na shiga yadda ya kamata, domin tsakanin 13.5 da 14.5 ake so. Na biya shi abin da ya yanka, na ƙara da abin da na ga ya dace da awon.

Ga mai irin wannan matsala

Jerin da na koya bai da wuya. Fara da kunne: shiru gaba ɗaya yana nuni ga ƙaramar hanya ko batir da ya mutu murus, ƙas ba juyi yana nuni ga batir ko babbar hanya ko sitata, juyi ba kamawa yana nuni ga abin da ke haɗa sitata da injin. Sannan auna batir a zaune, ka sake aunawa ana dannawa. In ya riƙe ƙarfinsa, bi wutar gaɓa-gaɓa, kullum ana dannawa: kafin rile, bayan rile, ƙofar sitata, jikin sitata, har komawa batir. Inda lamba ta faɗi, nan ciwon yake. Kada ka sayi komai kafin ka ga inda ta faɗi.

A kula da abu uku. Kada a riƙe maɓalli fiye da daƙiƙa 5, a huta kamar 10 kafin a sake, domin sitata tana zafi da sauri. In za a kwance batir a fara da baƙar waya, in za a ɗaura a ƙare da ita, don kada sifana ta haɗa jan kai da jikin babur. Dabarar nan kuma ta haɗa notin rile biyu da sukundireba tana fitar da tartsatsi, ga fetur a kusa, ga iskar da batir ke fitarwa mai kamawa da wuta, kuma in babur na cikin giya zai zabura. A bar wa wanda ya san ta.

Abin da na yi alkawarin faɗa

A hanyar komawa gida, a kan babur ɗin da yanzu ke tashi da taɓawa ɗaya, wani tunani ya zo mini wanda ba na alfahari da shi. Babu wanda ya san an gyara. Zan iya ajiye shi a gidana in ce an duba, gyaran ya fi kuɗin babur ɗin. Yaya zai ji daɗi, Umma za ta daina zaman zullumi duk lokacin da Baba ya fita, ni ma haka. A ranar na gane cewa wata ukun nan ban matsa a gano ciwon ba ne saboda wani ɓangare na zuciyata yana so wata ruɓaɓɓiyar waya ta yanke mana hukuncin da muke jin nauyin yankewa. Muna so Baba ya daina hawa babur, amma ba ma so a ce mu muka hana shi.

Na kai masa babur ɗinsa. Na kuma kira Yaya na ce in muna da magana da Baba, mu je mu yi ta da bakinmu. Ranar Juma'a da daddare muka zauna a ɗakinsa. Yaya ya faɗi tsoronsa, ni ma na faɗi nawa. Baba ya saurare mu har muka gama, yana jujjuya guntuwar wayar da na kawo masa. Ya yarda da hular kwano. Ya yarda da gwajin ido duk shekara, kuma in likita ya ce ya isa, to ya isa. Ya yarda ya bar manyan tituna, ya kuma daina fita da babur bayan magariba. Da Yaya ya kawo zancen asuba, wadda ita ma ai duhu ce, sai Baba ya ce, "Wannan ba ta cikin ciniki."

Ba mu warware komai har abada ba. Gwiwar ba za ta koma ta da ba, kuma ranar da za a jingine babur ɗin tana tafe. Yaya har yanzu yana ganin na yi gaggawar gyara shi, kuma duk ranar da wayata ta yi ƙara da sassafe, gabana yakan faɗi kafin in duba.

Na sake kwana a gida a ƙarshen hunturun. Ina alwala a tsakar gida na ji an buɗe ƙofar soro, na ji an turo babur waje. Na dakata da butar a hannuna ina saurare. Taɓawa ɗaya injin ya kama, ya ɗan yi ɗumi, ƙararsa ta bi lungu ta yi nisa. Na ƙarasa alwalata.